Lamba Arba'in da Bakwai

Kwalbar man shafawar Glenys ce ta yi ɓarnar,
'yar mitsitsiya, ba ta kai dunƙulen hannun jariri ba.
Shekara uku tana zaune a gaban madubi,
ban buɗe ta ba, ban kuma jefar ba.
Ranar Talata ina aski, gwiwar hannuna ta goge ta.
An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,
wannan ko taƙi biyu bai yi ba.
Ƙas!
Kwalba lafiya lau, tana birgima cikin kumfa.
Kwanon wanke fuska kuwa ya dare
daga gindin famfo har bakin rariya,
siriri, kamar silin gashi a kan madara.

Shekara talatin da ɗaya na yi
ina zuba ruwan yumɓu a mazubi a nan Burslem,
saboda haka na san halin tangaran.
Ya jure wutar tanderu kwana da yini,
ya jure ruwan zafi, ya jure sanyin Janairu,
amma ɗan bugu ta inda bai shirya ba,
shi ke nan.
Na san mutane ma irinsa.

Na shafa gam, na ja bakina na yi shiru.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri.
Garinmu babu ƙadangare, sai ruwa,
shi kuwa ya fi ƙadangare haƙuri.
Ɗis, ɗis, cikin dare,
har katakon ƙasa ya kumbura ya yi baƙi,
har tsagar ta haifi 'ya, 'yar ta nufi hagu.

Jikata Marnie ta zo da akwatin sifanoninta.
Ta duƙa, ta leƙa, ta kashe ruwa.
"Tun yaushe, Kaka?"
"Jiya-jiya."
Ta dangwala yatsa a ruɓaɓɓen katakon,
ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Notin baya ya yi tsatsa, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.
Ta fesa masa mai, muka sha shayi, ta koma.
Da ya saki, muka ɗago kwanon mu biyu,
ita tana cewa in bari, ni ina cewa na fi ta sanin nauyinsa.
Muka kifa shi a kan tsohon bargo.

A nan na gani.
Can ƙasa, inda ba a shafa ƙyalli ba,
inda ido bai taɓa kai ba tun da aka kafa shi:
arba'in da bakwai,
da shatin babban yatsa a gefe.
Lambar Wilf Colclough ce.
Bencinsa na jikin nawa, shi yake cinye mini rabin burodi.
Ƙurar yumɓu ta cinye masa huhu tun kafin a haifi Marnie.
Ashe kullum safiya a tafin hannunsa nake wanke fuska.

Na ɗora yatsana a kan shatin.
Nasa ya fi nawa faɗi.

Sabon ya zo cikin kwali daga wata ƙasa mai nisa,
fari fat, babu lambar kowa.
Na ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa kamar yadda muke yi a da:
mai tsaga yakan amsa da gunaguni,
lafiyayye da ƙararrawa.
Ya yi ƙararrawa.
Na so in sami abin kushewa, ban samu ba.
Wani can ya iya aikinsa.

Marnie ta ɗaure bututu, ta saki ruwa,
ta shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, muka zuba ido.
Ko ɗigo.
Ta ce za ta wuce da tsohon juji.
Na ce a'a.

Yana bayan gida yanzu, jikin katanga,
cike da ƙasa, na'ana'a ta fara tsiro a ciki.
Tsagar da ta kore shi daga banɗaki
ita ke fitar masa da ruwan sama,
ga shi garin nan ba ya gajiya da ruwa.

Kwalbar Glenys kuwa na mayar da ita ɗaki, cikin aljihun tebur.
Daren nan na buɗe ta.
Saura kaɗan a ƙasa, da sawun yatsu biyu.