Takardar Asali

A Kakuri aka yanke mini cibi,
bayan masaƙar da ta cinye ƙuruciyar babana.
Kakana jirgin ƙasa ya kawo shi daga Offa,
da akwatin ƙarfe guda da fitilar hannu.
Nan ya tsufa. Nan ƙasa ta rufe masa ido.

Amma ranar da na kai sakamakona ofis,
mutumin bayan taga bai dubi makin ba.
Sunana ya tauna, kamar ya ci tsakuwa a shinkafa:
"Modupe Ajagbe? Ke 'yar ina ce?"
Na ce, 'yar nan.
Ya ce, "A'a, can asali nake nufi."
Ya turo mini fayil da bakin biro.

Shekarar fari na yi kuka a kan gada,
kogi na wucewa, bai tambayi kowa garinsu ba.
Ta biyu na sayar da katin waya a Kasuwar Barci,
ina bitar lissafi a bayan rasit.
Ta uku Mama ta jinginar da keken ɗinkinta,
ta ce, "Ɗigon ruwa ba ya musu da dutse,
dawowa yake yi."

Na dawo.
Na dawo har mai gadi ya haddace takalmina,
har makin ya yi girman da taga ta kasa rufuwa a kansa.
Suna na arba'in da ɗaya, can ƙasan allo,
an rubuta shi ba daidai ba. Na karɓa haka.

A zauren lacca kuma sai ga wani kogin:
'yan tsallake a dama, 'yan wannan gaɓa a hagu,
benci guda a tsakiya, gizo-gizo ya yi masa saƙa.
Ba wanda ya rubuta dokar, ba wanda ya taka ta.
Na share shi da bakin ɗankwalina, na zauna.
Mako shida, daga ni sai jakata.
Sannan Zugwai ta zo aron rula, ba ta tashi ba.
Hansatu ta biyo, wai fanka ta fi kaɗawa nan.

Yau ni ce a bayan waccan taga.
Jiya wani yaro ya miƙo fayil, hannunsa na rawa,
ya danne sunansa da babban yatsa.
Na ce, ɗaga yatsanka,
koya mini yadda mamarka ke kiran sa.