Rabin Awar da Gari Ya Yi Shiru

Uku saura kwata shugaban aiki ya ɗaga hannu,
muka kashe injin fasa kwalta.
Shekara goma sha ɗaya ina rungume da ƙarfen nan,
sai yau na ji numfashina a bakin aiki.

An datse titin gaban makaranta.
Ɗan sanda ya ɗaga allo: kada a danna oda.
Mai tallan dafaffiyar masara ya haɗiye kiransa.
Wata tsohuwa tana dukan reshe da sandar gora,
tana korar gyare daga bishiya,
wai kada ya cinye wa jikanta kalma ɗaya.
Duk Zhuzhou ta kama bakinta
don Turanci ya samu hanyar wucewa.

Shuyan tana ciki, hawa na uku, kusa da taga.
Ta ce lasifika zai buɗe baki,
wani mutum da wata mata da ba su san da zamanmu ba
su yi hira a kan jirgin ƙasa da ya makara,
ko kuɗin laima,
ko ranar ganin likitan haƙori.
Tambayoyin farko sau ɗaya tak ake faɗa.
Wanda atishawa ta kama, maki ya bi iska.

Ni, Rong Deshun, ban san harshen nan ba.
Kunnena na hagu ma ya mutu tun bara waccan,
inji ya ci shi a hankali, cin gara.
Da kuɗin kunnen nan na sayo mata abin sauraro,
fari, mai igiya biyu.

Shekara uku tana cin shinkafa da igiya a kunne,
uwarta na magana, ita tana gyaɗa wa baƙi kai.
Ran nan na fusata, na ce, gidan nan ma akwai masu baki.
Ba ta ce uffan ba.
Ta zare ɗaya, ta sa mini a kunnen da ya rage.
Na ji ruwa yana gudu a kan duwatsu,
ban kama kifi ko ɗaya ba.
Ta ce, Baba, tambaya yake ko akwai wurin zama.
Duk wannan dogon zance, don kujera?
Ta ce, ai ni ma ita nake nema.

Bayan sauraro sai karatu.
Shafi a kan ƙudan zuma, shafi a kan ƙanƙarar da ke narkewa
a wata ƙasa da ba mu da kuɗin motar zuwa.
Amsa huɗu a ƙarƙashin kowace tambaya,
uku ƙarya ce da ta sha kwalliya.
Da fensir za ta cike ɗan gurbi,
gurbin da bai kai ƙwayar wake ba,
ta nan za a bi a shiga jami'a,
ita da yara sama da yawan tubalin da na taɓa ɗauka.

Uku da rabi ta gota, shugaba ya ce a tayar.
Na durƙusa, na ce tiyo ya huje.
Bai huje ba.
Ya dube ni, ya dubi tagogin makaranta,
ya juya baya ya kunna taba.

Ƙarfe biyar ƙofa ta amayo su.
Wasu na dariya, wani ya zauna a ƙasa yana kallon takalminsa.
Ban tambaye ta ba. Na miƙa mata masara.
Muna tafe ta faɗi wata magana
ta gefen hagu, inda babu kowa.
Na ce, na'am?
Ta zagayo dama, ta kama hannun rigata mai ƙura,
ta sake faɗa, a hankali.
A gidanmu ana maimaitawa.