Ɗigon Randa

Jitar da Anselmo ya bar mini,
kukun jirgin siminti da ya kwana sha tara a Bur Sudan,
tana da tsaga a ƙugu, an liƙe ta da gam.
Bakinmu bai haɗu ba, sai ya faɗa da hannu:
manuni, na tsakiya, manuni, na tsakiya,
kada ɗaya ya taka sau biyu.
Da asuba jirgi ya yi kuka,
ya bar ni da tsirkiya shida
da kiɗan garinsu mai kama da faɗa, mai kama da makoki.

Wata uku muna kokawa.
In taso daga dakon buhu,
in wanke gishirin Bahar Maliya daga wuyana,
in hau gadon igiya in far mata.
Sauri nake so.
Ban yi rarrafe ba, ina neman tsere da iska.
Hannun dama ya ƙage kamar ƙaguwa,
sauti na zubowa kamar tsakuwa a langa,
har maƙwabcina Adarob ya leƙo ta katanga:
"Akuyar wa ta hau kwanon rufi?"

Goggo Batula na gefe, faifai a cinya.
Yana ta rufe mata ido tun shekarar ambaliya,
amma ba a taɓa tauna dutse a adas ɗinta ba.
Ta ce, "Miƙo hannun nan."
Ta latsa jijiyar wuyan hannu.
"Wannan ai na dako ne.
Shaƙe ta kake yi, ta yaya za ta yi magana?
Dubi nawa.
Ba na ɗaga yatsa ya wuce tsayin ƙwaya.
Abin da ya yi nisa, shi ke makara."

Sai ta nuna randa da haɓa.
Ɗis.
Can an jima, ɗis.
"Bi wancan. In ka riga shi, ka yi ƙarya."

Ɗigo ɗaya, bugu ɗaya.
Na ji kunya, ƙato da ni,
ina jiran ruwa ya ba ni izini.
Yatsa ya latsa, ya kwanta kan tsirkiyar sama, ya huta,
ɗan'uwansa ya riga ya tsaya a bakin ƙofa.
Mako biyu, na raba ɗigon gida biyu.
Bayan sallar layya, gida huɗu.
Na koyi ƙirga sha biyu
ina taka ƙasa a uku, a shida,
a takwas, a goma, a ƙarshe.
Ran da na so ƙari, sai in cika randa har baki,
ɗigon ya matso kusa da juna,
ni ma in matso.

Farce kuwa, na goge shi da ɓawon kawa,
na sa masa safa a wurin aiki,
'yan dako suna kirana amarya.
Ƙugiyar buhu ta ɓalle na tsakiya ranar Talata,
na zauna kwana goma sha shida
ina kallon abin da ba a iya ja ya tsiro.
Babban yatsa ya samu fili, ya koyi nasa.

Daren jiya wuta ta ɗauke.
Ban yi niyyar komai ba, kafaɗa a sake,
sai gudun nan ya sauko da kansa
daga siririyar tsirkiya har mai kauri,
kamar ɓarin wake a tabarma,
kowace ƙwaya da jikinta.
Na watsa yatsu huɗu na rufe.
Adarob bai ce uffan ba.

Na juya wajen Goggo, ƙirjina na bugu.
Ta karkaɗe faifai, ta hura ƙaiƙayi.
"Ya yi," in ji ta.
"Amma wajen tsakiya ka bar tsakuwa ɗaya.
Sake."