Lamba Shida

Ran Laraba na sayo ta a Tashan Dukku,
ko ledar jikinta ban ɓare ba.
Yila mai shago ya ce, "Malama, hotunanki na cikin gajimare,
buɗe kawai, da kansu za su sauko."

Na buɗe.
Wani ɗan zobe ya kama juyi a tsakiyar allo
kamar akuya a turke.
Na dafa shayi, na sha, na ɗauraye kofi,
yana nan yana zagaye.

Waya ta ce hoto dubu uku da sha ɗaya.
Kwamfuta ta ce babu ko guda.
Cikinsu akwai mai ƙarya,
kuma duka biyun da albashina na saya.

Na kashe, na kunna, na ƙara data.
Na kai ta bakin taga, inda sabis ke leƙowa
in ya ga dama.
Yila ya ce in duba agogonta.
Ashe ita tana can tsakar daren wata ƙasa,
mu nan Bolari la'asar ta yi sakaliya.
Na saita mata lokaci. Zobe ya tsaya cak.
Sai ta ce: an tura lamba shida
zuwa layin da ya ƙare da huɗu da bakwai.

Huɗu da bakwai.
Layin Adda Dudu.
Ita ta buɗe mini asusun, kan tabarmar Inna,
tana tsokanata wai yatsuna na alli ne, ba na waya ba.
Damina biyu ke nan da aka kai ta makwanci.

Na daɗe ina kallon lambar kafin na danna.
Ta shiga.
Namiji ya ɗauka, bayansa hayaniyar awo.
Wake yake sayarwa a kasuwar Kumo,
bara ya yanki layin, sabo fil a wurinsa.
"Baiwar Allah, ba na ba da lamba.
'Yan damfara sun yi yawa."

Na ce gaskiyarka.
Na ce akwai wani hoto ne, bakin ruwa a Dadin Kowa,
ta ɗaga kifi da hannu biyu, ɗankwali ya zame,
ban da shi ko'ina sai can.
Shiru.
Na ji ya juye mudu a buhu.
"Allah Ya jiƙan ta. Rubuta."

Suka fara saukowa, ba tsari:
rasit ɗin taki, jadawalin jarrabawa,
babban yatsana ya rufe rabin wani suna.
Aka ɗauke wuta. Caji saura tara.

Ga shi nan, yana buɗewa daga sama, a hankali:
sararin Dadin Kowa tukuna,
sai bakin ɗankwali,
sai goshi.

Na riƙe numfashi
kada sabis ya ji motsina.