Shekarar da Ruwa Ya Shigo Aji

Mu a Kuttanad ba da ƙafa ake zuwa makaranta ba,
kwalekwalen tsoho Pappachan ne motarmu.
Mu goma sha ɗaya, laima uku,
littattafai a ka, takalma a hannu,
shinkafar rana ƙunshe cikin ganyen ayaba
tana ɗumama mana cinya.
In ya ga mun makara, sai ya ƙara sassauta tuƙi,
wai ruwa ba ya shiri da mai gaggawa.

Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce
rataye a wuyan mangwaro.
Kunjumon ke buga ta, don ya fi kowa tsawo,
ya kuma fi kowa daɗewa a aji tara.

Malama Saramma mai lissafi,
alli a yatsu, alli a gefen zani,
ba ta taɓa ɗaga mana murya ba.
Sai dai ta cire tabarau ta goge a hankali,
kafin ta mayar, mai laifi ya miƙe da kansa.
Ranar da na ci bakwai cikin ɗari ta ce mini:
"Bakwai ma lamba ce. Gobe kawo takwas."
Na kai mata tara.
Ta yi kamar ba ta gani ba,
amma ni na ga gefen bakinta.

Malam Kuruvilla na kimiyya kuwa,
girarsa ɗaya wuta ta cinye tun kafin zuwanmu.
Ya ce ruwan kwalba zai koma ja,
muka zuba ido, ya koma ruwan toka.
Ya sosa ƙeya: "Yau ruwan ne ba ya jin magana."

Shajahan ke kwaikwayon tafiyar hedimasta,
ciki gaba, hannu a baya, tari biyu.
Muna ta faɗuwa don dariya,
sai ga tari na uku daga bakin taga.

Vasanthi a gabana take zama,
kitsonta ɗaya, dogo, yana ƙamshin man kwakwa.
Shekara uku, magana ɗaya na yi mata:
"Ara mini rula."
Tana nan cikin akwatina har yau.

Sai shekarar da damina ta manta da tafiya.
Ruwa ya shigo aji babu sallama,
muka haye kan tebura, muka naɗe ƙafa.
Wani kifi ya bi ta ƙarƙashin allo,
Kunjumon ya kife shi da kwanon abinci.
Malama Saramma na tsaye, ruwa iya gwiwa,
ba ta ajiye alli ba sai da ta gama rabawa.
Rajistar aji ta jiƙe sharkaf,
tawada ta bi tawada,
sunayenmu arba'in suka zama tabo guda.
Ba mu san ranar ce kaɗai
za mu taɓa haɗuwa haka ba.

Yanzu Shajahan na Maskat yana shimfiɗa tayil,
an ce ya yi ciki, ya fara tari biyu.
Vasanthi na jinya a wata ƙasa mai ƙanƙara.
Malam Kuruvilla ya kwanta bayan coci.
Kunjumon ya gaji kwalekwale, ya ɗaura masa inji,
yara sun rasa wanda za su ɗora wa makara.

Bara na je gaishe da Malama.
Idanu sun tafi, tabarau na kan tebur,
babu mai goge shi.
Ta lalubo wuyan hannuna, ta riƙe.
"Kai ne mai bakwai," in ji ta.
"To, nawa ka kai yanzu?"

Na buɗe baki.
A waje ruwa ya fara sauka a kan kwano,
ita kuwa tana jira,
irin jiran nan nata.