Murya a Cikin Kwano

Mu huɗu ne, mashin huɗu,
duk Asabar daga Kwangila mu miƙi hanyar Giwa.
Tanimu a gaba, shi ba ya jiran kowa,
sai ni, sai Yunana ɗan Wusasa,
Sallau a wutsiya da tsohon mashin ɗinsa
mai tari kamar ya kwana a rumbun barkono.

Ranar da tayarsa ta fashe bayan Shika
ya ce ya yi ihu har maƙogwaro ya dushe.
Iska ta cinye ihun.
Mu kuwa har mun sauka, an haɗa mana shayi,
kofi huɗu a kan tebur,
uku a hannu, ɗaya ya huce yana kallonmu.

Kofin nan ne ya kai mu Sabon Gari ran Laraba,
shagon Obinna, bayan layin 'yan taya.
Ya zube mana na'urori kamar goro a faranti:
ga mai maƙalewa a gefen hular kwano,
ga lasifika sirara kamar ƙosan da aka danne,
ga ɗan makirfo da gemunsa na soso.

"Kilomita biyu," in ji kwali.
Kwali bai taɓa hawa mashin ba.
Na ce, Tanimu, sa kwanonka ka bi titi,
yi ta ƙirga har in daina jin ka.
Ɗaya, biyu, ashirin, sittin,
a saba'in da uku wata tirela ta gitta
ta tafi da muryarsa.
Muka ajiye wannan.

Akwai mai haɗa mutum goma sha shida.
Yunana ya ce, yawo za mu ko ɗaurin aure?
Akwai mai araha, cajinta alkawarin tela,
a ce maka yini guda, ta mutu kafin azahar.
Akwai mai maɓalli ƙanana kamar ƙwayar gero,
wa zai lalubo su da safar hannu
ga rami a gaba, ga mota a ƙeya?

"Ruwan Agusta fa?" na tambaya.
Obinna ya rantse ba ya shiga.
Sallau bai ce komai ba,
ya ciji bakin ledar ruwa ya tsiyaya mata.
Obinna ya dafe ƙirji.
Na'ura ta ci gaba da ƙyafta shuɗin idonta.

Ita muka ɗauka:
baki huɗu, kunne takwas,
maɓalli ɗaya ƙato kamar tsohon kwabo,
caji daga asuba har la'asar sakaliya.
Kuɗin Sallau bai kai ba.
Muka cike, kowa yana duban wani wuri.

Asabar ta zo.
Abin da na fara ji ba magana ba ce,
numfashin mutum uku ne a cikin kaina.
Sannan Tanimu: rami a hagu.
Sannan Yunana: akuya, akuya!
Ashe Yunana yana yi wa mashin ɗinsa faɗa,
shekara tara ba mu sani ba.

Bayan Shika hanya ta miƙe,
masara dama, masara hagu, kowa ya yi shiru.
Can daga wutsiya, a hankali,
kamar mai magana da tankin mai,
Sallau ya ce: "Jiya Baba bai gane ni ba.
Ya tambaye ni ko ni ɗan wane ne."

Babu fuskar da zai kalla, shi ya sa ya iya faɗa.
Ba wanda ya amsa.
Sai na ga jar fitilar Tanimu ta kama,
Tanimun da ba ya jiran kowa,
ya sassauta, na sassauta, Yunana ya sassauta,
har tarin tsohon mashin ya iso kafaɗarmu.

Wannan ba a rubuta shi a kwali ba.
Muka shiga Giwa a jere,
mai shayi ya ɗaga kai ya ƙirga mu,
ya sauko da kofi huɗu.