Faranti Shida a Bakin Fadama

Na sayar da bijimina ran kasuwar Gujungu,
na dawo Auyo da faranti shida, baƙaƙe, masu kallon rana.

Ilu ya leƙo ta kan darni yana dariya:
"Barau, madubi ka sayo? Kwalliya za ka yi wa gona?"

Shi injinsa tari yake kamar tsohon mashayin taba,
kullum galan a hannu, kullum farashin fetur na ƙuna.

Nawa kuwa shiru. Hantsi na dubawa ruwa ya taso,
ya bi kwami-kwami, albasa ta sha, tumatir ya nuna.

Har kukan kurciya nake ji yanzu,
wanda ƙara ta ɓoye mini shekara tara a lambuna.

Sai dai ba zan yi ƙarya don in ci gardama ba:
rana uwa ce mai kyauta, amma ba ta kwana.

La'asar sakaliya, bututu sai ɗiga kamar hawaye,
Ilu ya ja igiya ya ci gaba, ni in naɗe hannuna.

Da gajimare ya rufe sama kwana uku bai zubar ba,
barkono ya sunkuyar da kai, na je aron inji da kaina.

Ilu bai ce komai ba. Zagi ma ya fi sauƙi.

Batir ya kumbura kafin ya ga damina biyu,
kuɗinsa buhu huɗu; ga gawarsa can bayan rumbuna.

Na hana yara taɓa shi. Ina ake binne irinsa?
Ko Sagiru mai haɗa waya bai ba ni amsar da ta zauna.

Tun da aka kwance farantan Jatau cikin dare,
a bukka nake da gora; gadi ya cinye barcina.

Ga famfon iska a tsohuwar rijiya, fukafukai sun yi tsatsa,
iska ba ta alkawari, haka na ji daga bakin kakana.

Lantana ta ji ana girki da iskar kashin shanu,
ta ce hayaƙin itace ya isa. Na ce, to, takina?

Ta ce, "Idona fa?" Ban sami abin cewa ba.

Jiya da magariba Ilu ya zo da galan wayam,
ya shafa faranti ɗaya, ya tambayi kuɗi, bai dubi idona.

Na faɗa masa kuɗin. Na kuma faɗa masa sauran.